Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Ministan Ilimi: Sakamakon Jarrabawa Kaɗai Bai Isa A Yanke Mana Hukunci Da Shi Ba

Zuwa ga Mai girma Ministan Ilimi na Tarayya, Dokta Maruf Tunji Alausa,
da Ƙaramar Ministar Ilimi, Farfesa Suwaiba Sa'idu Ahmad.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ranka ya daɗe, ni malami ne a wata sakandaren gwamnati ta jeka-ka-dawo a Arewa maso Yamma. Da gangan na rubuto da Hausa. Na san Hajiya Farfesa za ta karanta ba tare da tafinta ba, kuma iyayen yaran da muke koyarwa, waɗanda maganar ta fi shafa, da wannan harshe za su fi gane abin da ake ƙullawa game da makomar 'ya'yansu. Abin da zan faɗa shi ake tattaunawa a ɗakin malamai, da gindin bishiya lokacin tara, da wajen makin takardu idan an haɗu daga makarantu daban-daban. Yawancinmu ba sa son a ji bakinsu ne kawai, domin mai ƙaramin albashi yana tsoron takardar tuhuma da canjin wurin aiki.

Mu malamai ba ma gaba da jarrabawa. Mu muke shirya yara, mu muke tsaron ɗaki, mu ake miƙa wa damin takardu mu yi maki a kan ladan da bai taka kara ya karya ba. Mun kuma san amfaninta. Ba don WAEC da NECO da JAMB ba, da ɗan talaka daga ƙauye ba shi da wata takarda da zai ɗaga a gaban ɗan mai hali ya ce tare muka zauna, kuma na fi ka ci. Kukanmu shi ne an mai da alƙaluman jarrabawa su ne shaida, su ne alƙali a kan yaro da malami da makaranta, yanzu har a kan harshen da muka tashi da shi, alhali a wannan shekara ta 2025 kaɗai sau biyu hukumomin jarrabawar suna tafka kuskure a bainar jama'a.

A farkon watan Mayu JAMB ta fitar da alƙalumanta. Cikin ɗalibai kusan miliyan 1.95 da suka zauna, sama da miliyan 1.5 ba su kai maki 200 cikin 400 ba. Ka fito a talabijin, ranka ya daɗe, ka ce wannan faɗuwa alama ce ta cewa an toshe ƙofofin satar amsa. A kwanakin da suka biyo baya babu abin da ba mu ji ba a rediyo da Facebook: malamai ba su san aikinsu ba, yaran zamani waya ta lalata su. Ranar 14 ga Mayu sai ga shugaban hukumar, Farfesa Ishaq Oloyede, yana zubar da hawaye a gaban 'yan jarida, yana amsa cewa an samu tangarɗar na'ura a cibiyoyi 157 na Legas da jihohin Kudu maso Gabas, kuma ɗalibai 379,997 sai sun sake zama. Ina ganin girmansa a kan haka, domin shugabannin da za su fito su ce laifinmu ne ba su da yawa a ƙasar nan. Amma a duba yadda gaskiyar ta fito. Iyaye da ɗalibai da malamai ne suka yi ta kururuwa cewa makin nan bai yi kama da yaran da suka sani ba. Da sun haƙura sun yi shiru, da maganar ta tsaya a kan cewa yaran ne ba su da ƙoƙari.

Ba a gama jimamin wannan ba, ranar 28 ga Mayu aka ga yara a jihohi da dama suna rubuta Turancin WAEC da daddare, wasu da hasken waya, wasu da tocila da kyandir, saboda takardun sun yi latti a ƙoƙarin da hukumar ta ce ta yi na hana fitar tambayoyi. Yaron da ya bar gida tun safe, yunwa na cinsa, uwarsa na bakin ƙofa hankalinta a tashe, shi aka ce ya zauna ya tsara insha'i, kuma makin da ya samu a daren nan da shi zai nemi jami'a. Ranar 4 ga Agusta sakamako ya fito: kashi 38.32 cikin ɗari ne kawai suka samu kiredit biyar har da Turanci da Lissafi, bayan a 2024 an samu kashi 72.12. Aka sake juyowa kanmu. Bayan kwana huɗu hukumar ta nemi afuwa, ta ce an yi kuskure wajen makin tambayoyin canki-canka na Turanci, a sabon tsarinta na sassauya jerin tambayoyi tsakanin ɗalibai. Da aka gyara, alƙalamin ya koma kashi 62.96. Yara wajen dubu 485 ke nan aka ce musu sun faɗi ranar Litinin, ranar Juma'a aka ce sun ci. A cikin kwana huɗun nan an yi kuka a gidaje, an zagi yara, an kira shugabannin makarantu an ce su yi bayani.

Kai likita ne, ranka ya daɗe. Idan ɗakin gwaji ya aiko maka sakamako, bayan kwana huɗu ya sake aiko wani ya ce na farkon kuskure ne, na tabbata ba za ka shiga tiyata da takardar ɗakin gwajin nan kaɗai ba. Sai ka sake bincike, ka kuma saurari wanda yake kwana yana tashi da mara lafiyar.

To amma a watan Nuwamba, a wajen wani taro kan harshe da ilimi da British Council ta shirya a Abuja, ka sanar da soke tsarin koyarwa da harshen uwa da aka amince da shi a 2022 lokacin Malam Adamu Adamu, ka ce daga yanzu Turanci ne harshen koyarwa tun daga nazare har jami'a. Hujjar da ka bayar ita ce yankunan da suka rungumi harshen uwa su ne suke faɗuwa WAEC da NECO da JAMB. A nan nake roƙon a tsaya a yi ɗan lissafi. A ƙarshen Nuwamban 2022 Majalisar Zartarwa ta amince da tsarin. Yaron da ya rubuta WAEC a 2025 ya shiga aji ɗaya na firamare ne wajen 2013, ya bar firamare a 2019, shekara uku kafin a haifi tsarin. Babu ko yaro ɗaya cikin waɗanda aka ƙirga faɗuwarsu da ya yi karatu a ƙarƙashinsa. Idan kuwa tsohon tsarin ake nufi, wanda tun manufar ilimi ta 1977 ya ce a yi shekarun farko na firamare da harshen uwa ko harshen da ya fi rinjaye a wurin, to a nuna mana littafin Lissafi ko na Kimiyya na aji biyu da aka raba wa makarantun ƙauye da Hausa ko Fulfulde ko Kanuri, a nuna mana malaman da aka horar a kai.

Abin da yake faruwa a ajin firamare na gwamnati a wajenmu sananne ne. Malami ya rubuta Turanci a allo, ya karanta yara su maimaita da ƙarfi, ya fassara musu da Hausa da baki, su kwafa abin da ba su iya karantawa ba, a tashi. Wannan ba koyarwa da harshen uwa ba ce. Yaro ne yake shekara shida ba a koya masa haɗa baƙi da wasali a kowane harshe ba, sai ya iso gare mu a sakandare yana iya zana rubutu mai kyau amma ba ya iya karanta abin da ya zana. A 2023 UNICEF ta ce kusan uku cikin kowane yara huɗu 'yan shekara 7 zuwa 14 a Najeriya ba sa iya karanta jimla mai sauƙi ko yin ƙaramin lissafi. Yankunan da ake cewa harshen uwa ya kayar da su, su ne dai yankunan da aji ɗaya yake ɗaukar yara fiye da ɗari a ƙasa, su ne masu makarantar da malami biyu ko uku suke riƙe da aji shida, su ne waɗanda 'yan bindiga suka sa aka rufe makarantunsu wata da watanni. A tsallake duk wannan a kama harshe, an bar jaki ana dukan taiki.

Kuma ba a rasa abin dubawa a cikin gida ba. Tun 1970 marigayi Farfesa Babatunde Fafunwa, wanda daga baya ya zauna a kujerar da kake kai, ya fara gwaji a Ile-Ife inda aka koyar da yara da Yarbanci tsawon shekara shida na firamare, Turanci kuma ya zama darasi na musamman a hannun malaman da suka ƙware. Yaran ba su koma baya a Turanci ba, sun kuma yi fice a sauran darussa. A nan Arewa ma, shirye-shiryen koyar da karatu da Hausa a azuzuwan farko, irin su RANA a Katsina da Zamfara da Mu Karanta a Bauchi da Sakkwato, sun bar littattafai da malaman da aka horar. Su waɗannan me za a ce musu yanzu? Su tattara littattafan su kulle a sito?

Ban ce maganar ba ta da wuya ba. Iyayen yaranmu suna son 'ya'yansu su iya Turanci, ni ma ina so, domin da shi ake neman aiki da karatun gaba. Akwai garuruwan da aji ɗaya ya haɗa harsuna biyar, akwai kuma 'yan'uwanmu masu ƙananan harsuna a Arewa da suke tsoron a ɗora musu Hausa da sunan harshen uwa, tsoronsu kuma abin a saurara ne. Waɗannan dalilai ne na a zauna a gyara tsarin jiha-jiha. Abin da muke roƙo, tunda an ce da alƙaluma aka yi aiki, a buga su kowa ya gani: wace jiha, wace makaranta ce ta koyar da harshen uwa, tun yaushe, da wane littafi, kuma da wace makaranta aka gwada ta.

Yanzu bari in zo kan abin da ba ya isa teburinka, wato abin da dogaro da alƙaluman nan ya yi wa aji. A yawancin makarantu, da zarar yaro ya shiga aji uku na babbar sakandare, koyarwa ta ƙare, an shiga haddar tambayoyin shekarun baya. Malamin Adabi ba ya ba yara littafin su karanta, taƙaitawarsa ake sayowa a kasuwa. Ɗakin gwaje-gwajen kimiyya a kulle yake shekara biyu da rabi, sai jerin kayan da za a yi jarrabawar aikace da su ya iso sannan a share ƙura, a nuna wa yara kayan aikin da ba su taɓa riƙewa ba. Idan yaro ya ɗaga hannu ya yi tambayar da ta nuna tunani, amsar da yake samu ita ce wannan ba ya fitowa. Malamai ba su zaɓi wannan don lalaci ba. Shugaban makaranta ya san ba za a tambaye shi yara nawa suka shigo ba su iya karatu ba suka fita sun iya. Tambaya ɗaya ce daga sama: kashi nawa suka ci? Malamin da ya kwashe zango guda yana koya wa 'yan aji ɗaya na ƙaramar sakandare karatu daga tushe, aikin da ya fi komai amfani a makarantar, idan sufeto ya zo laifinsa za a rubuta, cewa bai cinye jadawalin zango ba.

Makin aikin aji, wanda tsarin 6-3-3-4 ya zo da shi a 1982 domin kada rayuwar yaro ta rataya a kan zama ɗaya, ya zama cike gurbi. Malamin da yake da aji biyar, kowanne da yara fiye da ɗari, yaushe zai duba aikin kowa a kai a kai? Sai a ƙarshen zango a cike takarda a aika. A jihohin da gwamnati take biya wa ɗalibai kuɗin jarrabawa kuma, akwai kwalifayin da ake tace yara da shi tun a aji biyu. Wanda bai haye ba, idan ubansa ba shi da kuɗin rajista, karatunsa ya tsaya a nan. Shi ba ya cikin alƙaluman da ake karantawa a Abuja, domin bai ma kai ɗakin jarrabawar ba.

Maganar satar amsa kuwa, muna tare da kai a yaƙe ta, kuma ba zan wanke malamai ba. Akwai a cikinmu masu karɓar kuɗi, akwai masu rubuta amsa a allo. Amma a duba yadda kasuwar take ci. Yaro ya yi shekara biyar a hannunmu, yana shiga shekarar ƙarshe iyayensa su ɗauke shi su kai wata cibiya a bayan gari inda kowa ya san ana biya ne a ci. Sakamako ya fito, a yaba wa cibiyar, a kira makarantar da ta hana sata a ce ta gaza. Mai tsaron ɗakin da ya ƙi kau da kai, shi ake tarewa a hanya, shi ake kai ƙararsa cewa yana baƙin ciki da 'ya'yan mutane, kuma idan abin ya yi zafi shi ake ɗaukewa daga makarantar don a samu zaman lafiya. Muddin takarda ita ce komai, kuma da kashi nawa aka ci ake auna kowa, masu sayar da amsa ba za su rasa masu saye ba, ko a takarda ake jarrabawar ko a kwamfuta.

Wannan ya kawo ni kan umarnin da ka bayar a watan Afrilu, cewa WAEC da NECO su koma kwamfuta, a fara da canki-canka a Nuwamban 2025, sannan a haɗa har da rubutun bayani a jarrabawar Mayu da Yuni ta 2026. An kawo JAMB a matsayin misali. Ita JAMB a 2013 ta fara, ta bar wa ɗalibi zaɓi, sai a 2015 ta koma kwamfuta gaba ɗaya, kuma zama ɗaya ne na 'yan sa'o'i, darussa huɗu, duk canki-canka. Duk da shekara goma tana yi, mun ga abin da ya same ta a 2025. WAEC kuwa darussa takwas ne ko tara, a kwashe makonni ana yi, ga ɗalibai kusan miliyan biyu, da yawansu a garuruwan da wutar lantarki ba ta kai ba, balle sabis. Akwai yaran da za su zauna jarrabawar nan waɗanda darasin kwamfutarsu duk a allo aka zana musu shi. Idan an ce su buga insha'i da hannunsu, saurin yatsa za a auna, kuma ɗan makarantar kuɗi ta birni ya riga ya ci tun ba a fara ba. Ta yaya yaro zai nuna matakan lissafinsa, ko ya zana taswira, ko ya rubuta Larabci, ko ya buga ƙ da ɗ da ɓ a takardar Hausa? Idan kuma an ce tambaya ce kawai za ta fito a fuskar kwamfuta ya amsa a takarda, to har yanzu sai an samo wa kowane yaro kwamfuta mai aiki da wutar da ba za ta ɗauke ba, kullum, har a gama.

Inda makaranta ba ta da kayan, dole a kwashi yara zuwa cibiya a hedikwatar ƙaramar hukuma ko babban gari. Wa zai biya kuɗin mota na makonni? A wace hanya za su bi? A watan Nuwamban 2025 aka sace 'yan mata 25 a Maga ta jihar Kebbi aka kashe mataimakin shugaban makarantar, bayan kwana huɗu aka kwashi ɗalibai da malamai masu yawa a Papiri ta jihar Neja, har ma'aikatarka da kanta ta rufe makarantun haɗaka na tarayya fiye da 40. Uban da yake zullumin barin 'yarsa ta je makarantar da ke cikin gari, shi za a ce ya sa ta a mota da asuba zuwa wani gari har tsawon wata guda? Da yawa za su ce ta haƙura, kuma 'ya'ya mata ne za su fara zama a gida. Majalisar Wakilai ta nemi a dakata sai 2030. Ko ba a ɗauki shekarar da suka faɗa ba, dalilinsu abin dubawa ne.

Wani abin da ya gajiyar da mu shi ne saurin sauyi. A 2024 aka ce sai mai shekara 18 zai shiga jami'a, har ma da zama WAEC da NECO, kafin shekarar ta ƙare kai da kanka ka mayar 16. A Fabrairun 2025 aka ji maganar tsarin 12-4, wato shekara 12 a jere na firamare da sakandare sannan huɗu a jami'a, iyaye suka yi ta tambayarmu ko an soke ƙaramar sakandare, mu ma a rediyo muka ji. Sabuwar manhaja kuma ana gab da dawowa daga hutu a Satumba aka sanar da ita, aka ce a fara nan take. Rage yawan darussa daidai ne, mun daɗe muna roƙo, kuma koya wa yara haɗa sola da gyaran waya da ɗinki da kiwo abu ne mai kyau. Amma ina malamin sola? Ina faifan solar da za a koya da shi? Manyanmu a aikin nan suna ba da labarin injunan koyon sana'a da aka shigo da su daga waje a shekarun 1980, suka ruɓe cikin akwatunansu saboda babu wuta, babu ɗakin aiki, babu mai koyarwa. An cire Tarihi daga manhaja wajen 2009, yanzu an dawo da shi wajibi, bayan an shafe shekaru babu mai sha'awar karanta fannin da ba a ɗaukar malami a kansa. Yaro shekara goma sha biyu yake yi daga aji ɗaya zuwa WAEC. A cikin wannan lokaci ministoci nawa za su zo, kowanne da nasa gyaran, ba a taɓa barin guda ɗaya ya kai ƙarshe an ga abin da ya haifar ba.

Mu ma an auna mu da irin wannan ma'auni. A 2017 gwamnatin Kaduna ta yi wa malaman firamare wajen 33,000 jarrabawar 'yan aji huɗu, ta ce 21,780 ba su kai kashi 75 ba, ta sallame su. Gaskiya ce mai ɗaci cewa akwai masu riƙe da alli da bai kamata su riƙe ba, kuma babu malamin kirki da zai so a ba ɗansa irinsu. Amma cikin sababbin da aka ɗauka, a 2018 an sake sallamar sama da 4,000, a 2022 kuma aka kori wasu malaman firamare 2,357 a jihar. Kora ta nuna ciwon, ba ta hana shi dawowa ba, domin ba a taɓa hanyar da malami yake bi ya zama malami ba. A 2025 mafi ƙarancin makin shiga jami'a 150 ne, na kwalejin ilimi 100 cikin 400. Tsarin jarrabawar da kansa yake tura wanda ya rasa ko'ina zuwa koyarwa, 'yan siyasa su raba guraben aikin a matsayin kason mazaɓa, sannan bayan shekara goma a zo a yi mamaki. A ranar malamai ta duniya ta 2020 marigayi Shugaba Buhari ya yi alkawarin albashi na musamman ga malamai. Dokar ƙarin shekarun ritaya ta samu sa hannu a 2022, albashin kuwa har yau jira muke. A Abuja kanta, malaman firamare sun shafe fiye da wata uku suna yajin aiki a 2025 kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. Yaran da suka zauna a gida watannin nan, wata rana za su zauna WAEC, kuma idan sun faɗi malaminsu za a tuhuma.

Na san za a ce firamare da sakandare na jihohi ne da ƙananan hukumomi. Haka ne. Amma kai kake shugabantar Majalisar Ilimi ta Ƙasa inda kwamishinoni suke zama, hukumar ilimin bai-ɗaya UBEC da hukumar tsara manhaja NERDC da hukumomin jarrabawa duk da ma'aikatarka suke aiki, kuma umarnin da yake sauka a kanmu daga wajenka yake fitowa. Saboda haka gare ka muke kai roƙo.

A dakatar da tilasta kwamfuta ga 'yan makaranta, a fara da makarantun da suka shirya suka kuma nema da kansu, a bar sauran a takarda har sai an kai musu wuta da kayan aiki yaransu sun saba da su a aji. Kafin hukumar jarrabawa ta fitar da sakamako, a sa wasu masana daga wajenta su duba, kuma ɗalibin da yake ganin an zalunce shi ya samu hanyar sake duba takardarsa a kuɗin da talaka zai iya biya. Duk sabuwar manhaja ta fara daga 'yan aji ɗaya ta bi su sama, bayan littafi da horo sun riga ta isa makaranta. Jihohin da suka fara koyar da karatu da harshen yaro a azuzuwan farko a bar su su ci gaba, a riƙa gwada iya karatun yara a aji biyu da aji uku na firamare domin a san inda za a kai taimako, tun lokacin da gyara yake yiwuwa. Kuma idan za a zauna tsara wani gyaran, a kira malaman da suke shiga aji a yau, har da na makarantun ƙauye, a ba su kujera a ji ta bakinsu tun ba a buga takarda ba.

Mafi gaggawa a ciki, ranka ya daɗe, 'yan aji uku da suke hannunmu yanzu. Watanni kaɗan suka rage musu, kuma kullum suna tambayarmu a takarda za su rubuta ko a kwamfuta, a makarantarsu ko a wani gari, da kuma waɗanne darussa za a ba su damar yin rajista. Muna roƙon a aiko wa kowace makaranta amsa a rubuce, da sa hannu, kafin jadawalin jarrabawa ya fito.

Allah ya yi maka jagora, ya kare mana yaranmu.

Wassalam.

Naka,
Malamin sakandaren gwamnati daga Arewa maso Yamma.